Kwana 15 a Turai: yaya zan raba su tsakanin manyan birane da ƙananan garuruwan bakin teku?

Baban Yara ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa zagaya Turai da ƙafarsu, domin na shafe makonni ina duba taswira, kuma duk lokacin da na zauna a kanta sai jerin wuraren ya ƙaru maimakon ya ragu. Idan Allah ya kai mu, mu uku ne za mu yi tafiyar, ni da maiɗakina da mahaifiyata, kuma hutun da na samu a wurin aiki zai ba mu kwana 15 cif a can, ban da ranar tashi da ranar dawowa. An ba ni zaɓi tsakanin watan Agusta da ƙarshen Satumba.

Kowannenmu da abin da yake so. Ni manyan birane ne a raina, wato gidajen adana kayan tarihi da tsofaffin gine-ginen da na daɗe ina karantawa a kansu. Maiɗakina ta ce idan ba za a zauna a ƙaramin gari a kalli teku cikin natsuwa ba, to ita ba ta ga amfanin tafiyar ba. Hajiya kuwa sharaɗinta ɗaya ne, kada a yi ta jan ta daga tasha zuwa tasha, domin ta haura shekara 65, kuma gwiwarta tana damun ta wajen hawa matakala, ko da yake tana iya tafiya mai ɗan nisa a shimfiɗaɗɗen wuri.

Ga abin da na tsara: kwana 3 a Faris, kwana 1 a birnin Nice na kudancin Faransa, kwana 2 a Cinque Terre (ƙauyuka biyar ne a gaɓar tekun Italiya), kwana 3 a Rum, kwana 1 a gaɓar Amalfi ta kudancin Italiya, kwana 3 a Basalona, sannan kwana 2 a Lisbon. A takarda lissafin ya cika 15 daidai, amma zuciyata ba ta kwanta da shi ba. Shin wannan rabo ya yi adalci tsakanin birane da bakin teku? Gara a kwana a ƙananan garuruwan, ko a sauka a babban birni a riƙa kai musu ziyarar wuni? Kuma wane wata ya fi dacewa da mai shekaru irin na Hajiya? Na gode ƙwarai.

Ɗan Jirgin Ƙasa ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam Baban Yara. Zuciyarka ta gaya maka gaskiya. Tsarin nan yana da masauki 7, ke nan sau 6 za ku ɗaure kaya ku tashi, kuma abin da taswira ba ta nunawa shi ne kowace ƙaura tana cin aƙalla rabin wuni ko da tafiyar kanta gajeriya ce. Yawancin masaukai suna son a bar ɗaki kafin ƙarfe 11 na safe, ba kuma sa ba da sabon ɗaki sai wajen ƙarfe 3 na yamma, ga zuwa tasha, ga jira, ga neman hanya a garin da ba ka sani ba da akwatuna a hannu. Biyu daga cikin ƙaurorinka ma na jirgin sama ne, daga Italiya zuwa Basalona da kuma daga Basalona zuwa Lisbon, kuma waɗannan kusan wuni guda suke ci idan ka haɗa da zuwa filin jirgi da bincike da jiran kaya. Wurin da ka ba kwana 1 kuwa, a zahiri yamma ɗaya da safiya ɗaya ka ba shi.

Na yi irin wannan kuskuren a tafiyata ta farko, inda na ware wa gaɓar Amalfi kwana ɗaya tak. Ba a isa garin Amalfi ko Positano da jirgin ƙasa. Sai ka sauka a Salerno ko Sorrento, ka shiga bas ko jirgin ruwa. Na tsaya a layin bas, biyu suka wuce a cike, na uku ya ɗauke ni a tsaye a kan hanyar da take ta lanƙwasa a gefen dutse, na isa bayan rana ta faɗi, washegari da hantsi kuma na kama hanyar komawa. Kuɗin ɗakin ya tafi, garin kuma ban gan shi ba.

Shawarata ita ce ka ajiye Sifaniya da Fotugal zuwa wata shekara, domin taura biyu ba ta taunuwa, ka bi layi ɗaya miƙaƙƙe wanda jirgin ƙasa yake bi daga farko har ƙarshe: Faris, gaɓar kudancin Faransa, gaɓar Liguria ta Italiya, sannan Rum. Ka sayi tikitin jirgin sama mai sauka a Faris, mai tashi daga Rum, kada ka sayi na zuwa da dawowa ta gari ɗaya, domin ɗan bambancin kuɗin bai kai asarar wunin da za ka yi wajen komawa baya ba. Rabon da nake gani shi ne kwana 4 a Faris, 3 a gaɓar Faransa, 3 a gaɓar Italiya, 5 a Rum. Ƙaura uku ke nan kacal, duk a jirgin ƙasa, kuma kwana 6 na bakin teku sun faɗo a tsakiya, daidai lokacin da gajiyar Faris za ta fara bayyana a jiki, kafin kuma a shiga Rum wanda yake buƙatar ƙafa sosai.

Daga tashar Gare de Lyon a Faris, jirgin ƙasa mai sauri da ake kira TGV yana kai wa Nice cikin kusan awa 6, kuma bayan ya wuce yankin Marseille akwai wuraren da za ku riƙa hango Bahar Rum ta taga. Daga Nice akwai ƙaramin jirgi da yake bin gaɓa, ya tsaya a Villefranche-sur-Mer cikin mintuna ƙasa da 10, ya ratsa Monako, ya isa Menton, gari na ƙarshe kafin iyakar Italiya. Ni Villefranche na fi so saboda kyawun mashigin ruwanta. A ɓangaren Italiya kuwa, kada ku kwana a cikin ƙauyuka biyar ɗin na Cinque Terre kansu. Ku sauka a Levanto, wanda yake tasha ɗaya kawai kafin Monterosso, na farko a cikin ƙauyukan, ku riƙa shiga ƙauyukan kuna fita.

Abu ɗaya game da tikiti: jirage masu sauri na Faransa da Italiya farashinsu yana hawa ne yayin da ranar tafiya take matsowa, don haka a saye su da wuri, amma ƙananan jiragen yanki farashinsu a tsaye yake, ana iya sayensu a ranar. Takardar Eurail, wato tikitin bai-ɗaya na yawo a jiragen ƙasan Turai, ba za ta amfane ku ba a tafiya mai ƙaura uku, musamman da yake ko da ita sai an biya kuɗin kujera daban a jirage masu sauri. Kuma ka daidaita ranakunka da ranakun rufewa: gidan tarihi na Louvre ba ya buɗewa ranar Talata, fadar Versailles ba ta buɗewa ranar Litinin, gidajen tarihi na Batikan kuma a rufe suke ranar Lahadi in ban da Lahadin ƙarshen wata.

Uwar Gida Mai Tafiya ta rubuta:

Sannu da ƙoƙari, Malam, Allah ya saka maka da alheri da ka yi niyyar tafiya da Hajiya. Na yarda da layin da Yaya Ɗan Jirgin Ƙasa ya zana, amma ina da gyara a kan Villefranche, domin na yi irin wannan tafiyar da surukata, kuma na koyi duba gari da idon mai ciwon gwiwa. Yawancin garuruwan bakin tekun da hotunansu suke burge mutane, abin da ya ba su kyan shi ne an gina su a jikin dutse, kuma wannan kyan shi ne wahalar tsofaffi. Tsohon garin Villefranche gangare ne da matakala. Menton ma tsohon garinta a kan tudu yake, amma tana da doguwar hanya shimfiɗaɗɗiya a bakin ruwa, da kujerun zama, da masaukai a ƙasa, saboda haka Hajiya za ta iya fita da safe ta yi tattakinta ba tare da an riƙe ta ba. Ni Menton zan zaɓa muku.

A Cinque Terre lamarin ya fi tsanani. Ƙauyen Corniglia yana can saman dutse, kuma daga tashar jirgi zuwa cikinsa akwai matakala fiye da 370, ko da yake akwai ƙaramar bas da take hawa da mutane. Riomaggiore da Manarola tituna ne masu tsananin gangara. Monterosso ne kaɗai yake da faɗi da kuma yashin bakin teku na kirki, sai Vernazza wadda daga tasha zuwa mashigin ruwanta ɗan gajeren titi ne. Abin da ya fi yi wa surukata daɗi shi ne jirgin ruwan da yake bin gaɓar, domin daga cikinsa ta ga ƙauyukan duka a zaune, da gonakin da aka sassaƙa hawa-hawa a jikin duwatsun, sai dai a sani ba ya tsayawa a Corniglia, kuma ana soke tafiyarsa idan teku ya yi ƙarfi. A Levanto kuma akwai wata hanya da aka yi a cikin tsofaffin ramukan jirgin ƙasa zuwa Bonassola, a miƙe take babu hawa ko kaɗan, ga sanyi a ciki, kuma tsakanin rami da rami sai teku ya bayyana a gabanka.

Game da tambayarka ta kwana ko ziyarar wuni, ni dai ina cewa a kwana. Daga wajen ƙarfe 10 na safe zuwa la'asar, garuruwan nan na masu ziyarar wuni ne, da fasinjojin manyan jiragen ruwa da suke sauka a La Spezia, birnin da yake kusa da Cinque Terre. Idan suka watse, sai garin ya koma hannun masu shi: tsofaffi su fito su zauna a dandali, yara su yi wasa, masu ƙananan jiragen kamun kifi su duba kayansu. Abin da maiɗakinka take nema a wannan lokacin yake, da kuma sassafe, kuma wanda ya zo da jirgin hantsi ya koma da na la'asar ba zai gan shi ba.

Wata kuwa, ka ɗauki ƙarshen Satumba ba tare da wani dogon tunani ba. A Agusta Faransawa da Italiyawa da kansu suke tafiya hutu zuwa bakin teku, musamman a makon 15 ga wata da Italiyawa suke kira Ferragosto, don haka ɗakuna sun fi tsada, jirage a cike, ga zafin Rum wanda bai dace da mai shekaru ba. A ƙarshen Satumba ruwan Bahar Rum yana nan da ɗuminsa, rana ta yi sauƙi, makarantu sun koma. Kada dai ku bari tafiyar ta kai ƙarshen Oktoba, domin lokacin ruwan sama mai ƙarfi ne a Liguria. Ambaliyar da ta yi wa Vernazza da Monterosso mummunar ɓarna ranar 25 ga Oktoban 2011 ta faru.

Kafin ka biya kuɗin kowane masauki, ka rubuta musu ka tambaya ko akwai lif, da kuma matakala nawa ne daga titi zuwa ƙofa, domin tsofaffin gidaje da yawa babu shi. A Faris ku fi amfani da bas, saboda yawancin tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa matakala ne zalla. Kowa ya ɗauki akwatin da zai iya ɗagawa da kansa, kai kuma ka san na Hajiya naka ne. Ta fuskar abinci, a Faris da Nice da Rum samun naman halal ba wuya, ga Babban Masallacin Faris da aka buɗe a 1926, ga na Rum da aka buɗe a 1995. A ƙananan garuruwa kuwa kifi ne rufin asirinku, amma a tambaya ko an dafa shi da giya. A Italiya kuma gidajen abinci da yawa suna rufewa bayan abincin rana, ba sa sake buɗewa sai wajen ƙarfe 7 na dare, don haka ɗaki mai ɗan kicin yana taimakawa ƙwarai idan ana tare da babba.

Mai Lissafi ya rubuta:

Ina girmama abin da Malam Ɗan Jirgin Ƙasa da Hajiya Uwar Gida suka faɗa, amma ina so mai tambaya ya ji ɗaya ɓangaren kafin ya yanke shawara. Mutane suna ɗauka cewa ƙaramin gari yana nufin sauƙin kuɗi da natsuwa, alhali a shahararrun gaɓoɓin Turai sau da yawa akasin haka ne. Ɗakuna kaɗan ne, masu nema da yawa, don haka ɗan ƙaramin ɗaki a Vernazza ko Positano yana iya fin na Rum tsada. Cinque Terre ta shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO tun 1997, duniya ta san ta, kuma da tsakar rana tashoshinta cunkoso ne da ba zan so tsohuwa ta shiga ba. Idan ruwan sama ya sauka kuma, babban birni yana da gidajen tarihi da kasuwanni masu rufi, ƙaramin gari kuwa sai zaman ɗaki.

Saboda haka ni hanyata ita ce in zaɓi birnin da shi kansa yake kusa da teku, in ajiye akwatina wuri ɗaya, in riƙa fita. Daga Lisbon, jirgin da yake tashi daga tashar Cais do Sodré yana kai wa Cascais cikin kimanin minti 40, yana bin bakin ruwa kusan duk hanyar. Daga Basalona, Sitges ma kusan haka take. Babu abin da ya hana mutum ya je da la'asar, ya ci abincin dare a can, ya dawo da jirgin dare, ya ga yammar da Hajiya Uwar Gida take magana a kai ba tare da ya canza masauki ba. Idan kuma dole sai an kwana a ƙaramin gari, ni Tavira zan ambata a yankin Algarve na kudancin Fotugal, yankin da sunansa ma daga Larabci ya fito, wato al-Gharb, yamma. Tsakiyar garin a gefen kogi take, a shimfiɗe, kuma da ƙaramin jirgin ruwa ake tsallakawa zuwa tsibirin yashi. Amma zan faɗi gaskiya: Lisbon birni ne na tuddai da duwatsun daɓe masu santsi, ruwan Atlantika ya fi na Bahar Rum sanyi, kuma haɗin jirgin ƙasa tsakanin Fotugal da Sifaniya ba shi da kyau, har ma babu layin dogo tsakanin Faro ta Fotugal da Sevilla ta Sifaniya sai bas. Don haka ga mai tafiya da tsohuwa, ba zan ce layin Faransa da Italiya kuskure ba ne. Abin da nake roƙo shi ne a duba Nice a matsayin masauki maimakon Menton, domin birni ne mai asibitoci da kantuna da doguwar hanyar bakin teku, kuma yana rage canjin jirgi ɗaya a ranar da za ku taso daga Faris.

Akwai kuma abin da babu wanda ya taɓo, wato biza, kuma rabon kwanaki yana shafar ta kai tsaye. Ƙa'idar bizar Shengen, wato biza ɗaya da ake shiga ƙasashen Turai da yawa da ita, ciki har da Faransa da Italiya, ita ce a nema a ofishin jakadancin ƙasar da za a fi daɗewa a cikinta, idan kuma kwanakin sun zo daidai, sai ƙasar da za a fara shiga. A tsarin da aka ba ka, Faransa tana da kwana 7, Italiya tana da 8, ke nan Italiya za ka nufa duk da cewa a Faris za ka fara sauka. Idan ka mayar da kwana ɗaya daga Rum zuwa Faransa, lissafin ya juya. Ka tsayar da wannan kafin ka nemi ranar ganawa, kuma takardun masaukinka su yi daidai da abin da ka rubuta a fom. Kuɗin bizar babba Yuro 90 ne tun watan Yunin 2024, ana buƙatar inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000, kuma ana iya miƙa takardu tun wata 6 kafin tafiya. Har bizar ta fito, ka kama ɗakunan da ake iya sokewa ba tare da asara ba, kuma ka karanta sharuɗɗan inshorar Hajiya da kyau a kan abin da ya shafi shekaru da ciwon da mutum yake da shi tun kafin tafiya.

Baban Yara ya rubuta:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na karanta wa Hajiya da maiɗakina amsoshinku jiya da dare, kuma mun tsaya a kan ƙarshen Satumba. Na cire Basalona da Lisbon da Amalfi, ko da yake cire Basalona ya yi mini nauyi. Mun ɗauki kwana 4 a Faris, 3 a Menton, 3 a Levanto, 5 a Rum. Na yi tunani sosai a kan Nice kamar yadda Malam Mai Lissafi ya kawo, amma maiɗakina ta ce idan aka sauka a Nice an sake komawa babban birni ke nan, kuma na ga tana da hujja, tunda birane sun riga sun samu kwana 9. Maganar biza kuwa ban san da ita ba sam, ba don an faɗa mini ba da ofishin Faransa na nufa. Tambayata ta ƙarshe ita ce ranar tashi daga Menton zuwa Levanto: canjin jirgi nawa ne, kuma Hajiya za ta iya?

Ɗan Jirgin Ƙasa ya rubuta:

Za ta iya, in sha Allahu, idan ba a matse lokacin ba. Daga Menton zuwa Ventimiglia, tashar farko a Italiya, tafiyar kimanin kwata ɗin awa ce, kuma a nan za ku sauka daga jirgin Faransa ku shiga na Italiya. Daga nan zuwa Genoa awa 2 ne da ɗan wani abu, yawanci kuma a can za ku sake canzawa zuwa wanda zai kai ku Levanto. Gaba ɗaya ka lissafa awa 4 zuwa 5. Ka zaɓi haɗin da ya bar muku aƙalla minti 25 a kowace tasha, ko da akwai wanda ya fi sauri, domin canza dandamali yana nufin sauka ƙarƙashin ƙasa da sake hawa. Ka lura cewa Genoa tana da manyan tashoshi biyu, Piazza Principe da Brignole, don haka ka duba wadda aka rubuta a tikitinku kafin ku sauka. Idan tikitin takarda na jirgin yanki kuka saya a tasha, sai an buga masa hatimi a ƙaramar na'urar da take bakin dandamali kafin a shiga, in ba haka ba tara ce. Daga Levanto zuwa Rum kuma za ku fara zuwa La Spezia, inda ake samun jirgi kai tsaye mai bin gaɓa ta Pisa, kimanin awa 3 da rabi zuwa 4. Ku nemi kujerun hannun dama a wannan tafiyar, domin ta nan tekun yake.